Worm da Hausa: ni dai na tsaya a kan tsutsa

1/ Jama'a, ina shirya darasin tsaron kwamfuta ga ɗalibaina na ajin yamma, sai na ci karo da kalmar worm. Da farko ƙwayar cuta na rubuta, daga baya na soke. Wannan suna mun riga mun ba virus, wanda masu gyara a kasuwa ke kira bairos, kuma abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ne.

2/ Bairos kamar kauci yake a jikin bishiya, ba ya rayuwa sai ya manne da wani fayil ko wata manhaja, kuma sai da hannun mutum yake tafiya. Wani bairos mai suna Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, a faifai yake ɓuya, sai wani ya zare faifan daga wannan na'ura ya soka a waccan. Worm kuwa manhaja ce mai tsayuwa da ƙafarta. Ita ke bin layin sadarwa, ta laluba kafa, ta shige, ta kwafi kanta, ta wuce gaba, ba tare da kowa ya danna komai ba.

3/ Ga misalin da nake ba ɗalibai. Ranar 2 ga Nuwamba 1988, Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki wata manhaja ta wata kwamfutar jami'ar MIT. Tana shiga ta ɓarakar da ke cikin manhajar aika wasiƙu ta sendmail da wata mai suna finger, tana kuma gwada kalmomin sirri da mutane suka saba sawa. Kafin ta sauka a na'ura sai ta tambaya: akwai 'yar'uwata a nan? Morris ya ji tsoron kada masu kula da na'urori su riƙa amsa mata da e na ƙarya, sai ya tsara cewa sau ɗaya cikin bakwai ta sauka ko da an ce akwai. Nan gizo ya yi saƙa. Kwafi ya hau kan kwafi, na'urori suka cika har suka kasa motsi. An ƙiyasta ta kama kusan 6,000 cikin kwamfutoci 60,000 da ke haɗe a lokacin. Ba ta goge fayil ba, yawanta ne ya yi ɓarnar. A 1990 kotu ta same shi da laifi, aka ci shi tarar dala 10,050 da aikin al'umma na awa 400.

4/ To wane suna ya dace da wannan hali? Wani abokin aikina ya ce gara, domin tana bin bango daga ɗaki zuwa ɗaki a ɓoye. Na so kalmar ƙwarai, sai dai gara ci take yi, ita kuwa wannan sau da yawa hayayyafa ce aikinta. Wutar daji kuma ta zama ta kowa, har jita-jita ana ce mata haka.

5/ Asalin sunan ma daga tsila ne. Marubuci John Brunner ya kira irin wannan manhaja da sunan tsutsar ciki a wani ƙagaggen labarinsa na 1975, masu bincike a kamfanin Xerox suka ari kalmar. Na gwada tsila a aji, rabin ɗaliban ba su taɓa jin ta ba.

6/ Na san abin da za a ce: tsutsa ba ta tafiya mai nisa, alhali wata worm mai suna Slammer ta 2003 ta kama na'urori kusan 75,000 cikin minti goma. Gaskiya ne, nan kalmar ta gaza. Amma ku duba abin da take ba mu kyauta. Ka buɗe huhun goro, ka ɓare ɗaya, ka ga baƙin rami a tsakiya, ba wanda ya sa ta, ba ka ga shigarta ba, kuma ka san sauran goron ma sai an duba. Me muke cewa? Goro ya yi tsutsa. Wake ya yi tsutsa. Haka za mu ce kwamfutocin ofishin nan sun yi tsutsa, kuma ko wanda bai taɓa zama a aji ba zai gane cewa abu ne ya shiga da kansa yana yaɗuwa. Kalmar da ta zo da aikatau ɗinta a hannu ba na wasa da ita.

7/ Don haka a takardar gobe na rubuta tsutsar kwamfuta, bairos kuma na bar shi a bairos. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka koyi abin da Faransanci, inda ake ce mata ver, wato tsutsa dai, masu gyara a wajenku me suke cewa idan ta shiga?