Kwantiragin shekara goma zuwa sama a besbol: a garinku kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Direban Bronx

Assalamu alaikum jama'a. 'Yar rigimar cikin gida ce ta kawo ni. Yarona ɗan shekara 11 ya kafa min ƙahon zuƙa sai na saya masa rigar Juan Soto ta Mets, mai lamba 22. A unguwar Bronx ta birnin New York muke, da ƙafa ake zuwa filin Yankees daga gidanmu, amma tun da Soto ya bar Yankees ya koma Mets a Disambar 2024 yaron nan ya bi shi Queens, unguwar da filin Mets yake, da zuciyarsa. Shekara 15 aka rubuta, dala miliyan 765. Na yi lissafi a mota ina jiran fasinja: a 2039 takardar za ta ƙare, lokacin yarona yana da shekara 25, ƙila ma da iyali, Soto kuma ya kai 40.

Kakar farko ta wuce. Shi ya yi nasa, homron 43 ya buga, wato bugun da ke tsallake katangar fili ya kawo maki, amma kulob ɗin ko wasannin kifa-ɗaya-ƙwala bai shiga ba, a ranar ƙarshe ta kaka aka yi waje da su. Sati guda fasinjojina ba su da hira sai wannan. To waɗanda suka zauna a garin da aka yi irin wannan ciniki, suka ga farkonsa suka ga ƙarshensa, don Allah ku faɗa mana abin da idonku ya gani.

Ɗan Nima a Anaheim

Wa alaikumus salam, Malam direba. Ai ni ka kira. A 2011 na iso California, kuma a Disambar shekarar Angels, kulob ɗin nan Anaheim, suka ɗauko Albert Pujols daga St. Louis, shekara 10 a kan dala miliyan 240. Mutumin da ya gama cin kofin World Series, wasan ƙarshe na gasar, da ɗuminsa, sau uku gwarzon shekara. A sito nake aiki lokacin, yawancin abokan aikina Sifaniyanci suke yi, ranar kamar an yi Sallah. Aka cika bakin titi da allunan hotonsa an rubuta El Hombre. Ban san dokar wasan ba tukuna, amma albashina na biyu na cire na sayi riga mai lamba 5, don kada a bar ni a baya.

Watan Afrilu gaba ɗaya bai buga homron ko ɗaya ba, sai a Mayu. Muka ce baƙunta ce. A 2013 ciwon tafin ƙafa ya kwantar da shi tun Yuli. Abin da ba zan manta ba, wani dare ina can saman bene inda tikiti ke da araha, ya buga ƙwallo a ƙasa, ya kama gudu zuwa tasha ta farko kamar mai taka ƙaya. Ɗan tsaron da ya kama ƙwallon har ya tsaya ya gyara riƙo kafin ya jefa, kuma duk da haka ya riga shi. Wani tsoho kusa da ni ya cire hula ya rufe fuska. Saura shekara huɗu a takarda lokacin.

Cikin duk zamansa sau ɗaya aka shiga kifa-ɗaya-ƙwala, a 2014, Kansas City ta share mu wasa uku a jere. A Mayun 2021 aka sallame shi, kuma sai da aka cika masa kuɗinsa. Abin haushi, ya koma St. Louis a 2022 yana ɗan shekara 42 ya farfaɗo, har ya cika homron 700.

Kada ma a tayar da maganar Anthony Rendon, wanda Angels suka ɗauko daga Washington. Shekara 7, miliyan 245, bai taɓa buga mana wasa 60 a kaka ɗaya ba, alhali kaka wasa 162 ce. Ga Mike Trout ga Shohei Ohtani a kulob ɗaya shekara shida, ba a je ko'ina ba. Rigar lamba 5 tana nan, da ita nake wanke mota.

Hajiyar Maryland

Ɗan Nima, sannu da haƙuri. Ni gidana tsakanin Washington da Baltimore yake, kuma gidan ma a rabe yake: ni da yara Nationals na Washington, Alhaji kuma Orioles na Baltimore, don a Baltimore ya fara aiki da ya zo. Saboda haka na ga iri uku.

Na farko Max Scherzer, mai jifa, wanda idonsa ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ƙasa. A Janairun 2015 aka ba shi shekara 7, miliyan 210, yana ɗan shekara 30. Kowa cewa yake hannun mai jifa ba a yi masa dogon alkawari. Sai ga shi a shekarar farko ya yi wasa biyu ba wanda ya samu bugu a kansa, ya karɓi kyautar gwarzon masu jifa a 2016 da 2017. A Yunin 2019 ya karya hanci wajen atisaye, washegari ya fito ya yi jifa da ido a kumbure, baƙi ƙirin. 'Yata ta ce Mama wannan mutumin lafiyarsa ƙalau kuwa? A World Series ɗin shekarar wuyansa ya riƙe har ya kasa fitowa wasa na biyar, amma shi ya buɗe wasa na bakwai a Houston, aka ci kofin. Ranar 2 ga Nuwamba na ɗauki yara muka shiga jirgin ƙasa zuwa faretin murna. Na soya cincin na zuba a jaka, kafin motocin 'yan wasa su iso mun raba shi da wasu Habashawa da ke tsaye kusa da mu. Wannan ciniki ko kwabo ba a yi asara ba.

Na biyu Stephen Strasburg. Shi ne gwarzon wannan World Series ɗin, ɗan gida, kulob ɗin ne ya raine shi. Wata guda da 'yan kwanaki bayan fareti aka ba shi shekara 7, miliyan 245. Daga nan wasa takwas kacal ya ƙara yi, jifan da lafiyayye ke yi a wata ɗaya. Jijiyoyin wuya da kafaɗa ne suka matsa masa, aka yi masa tiyata har aka cire haƙarƙari ɗaya, bai dawo daidai ba, ya yi ritaya a 2024. Amma gaskiya zan faɗa: da ni ce mai kulob a Disambar 2019, da na sa hannu. Bryce Harper ya riga ya tafi Philadelphia, Rendon na shirin tafiya, wa ke da ƙarfin halin kallon mutanen da suka cika titi ya ce musu gwarzon kofin ma ya tafi? Ni da kaina na yi guɗa a kicin ranar da aka sanar.

Na uku na Alhaji ne, Chris Davis, shekara 7, miliyan 161, a 2016. A 2018 Orioles suka sha kashi 115. Davis ya tsaya bugu sau 54 a jere babu ko ɗaya, daga ƙarshen 2018 har Afrilun 2019. Ranar da ya samu bugun a Boston Alhaji ya miƙe tsaye a falo yana tafi shi kaɗai. Za a ci gaba da biyan mutumin nan wani kaso har 2037. Idan ina son Alhaji ya yi shiru, shekarar kawai nake ambata.

Na Fagge

Ku yi min afuwa, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, ƙanina da ke Chicago ne ya turo min zancen. Abin da ya ɗaure min kai: me ya hana su sayar da ɗan wasa idan ya fara sanyi? Mu nan kwantiragi da wuya ya wuce shekara biyar, da Chelsea ta fara ba da takwas ma sai da aka yi ta surutu.

Akanta, Chicago

Yaya, ga ni. A besbol ba a sayar da ɗan wasa da kuɗi yadda kuka saba, musaya ake yi, mutum da mutum. Kuma kwantiragin tabbatacce ne, ko ya karye ko ya tsufa sai an biya shi cif. Manyan ma sukan sa sharaɗin cewa ba za a tura su ko'ina ba sai da yardarsu. Wanda ya yi sanyi kuwa, wa zai karɓa, sai ka haɗa da kuɗi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne farkon labarin. Yaro idan ya shigo babbar gasa, shekara shida yana hannun kulob ɗinsa. Ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake ba shi, a 2024 dala dubu 740 ne. Sai ya cika shida yake da 'yancin zuwa kasuwa, lokacin yawanci ya doshi 30. Wato ƙuruciyarsa an ci ta da araha. St. Louis ta mori Pujols shekara 11, Angels suka biya kuɗin abin da ya yi wa wasu. Shi ya sa shekarun mutum ranar sa hannu nake fara dubawa. Harper 26 yake da ya karɓi shekara 13, miliyan 330, ya zama gwarzon shekara a 2021, ya kai Philadelphia World Series a 2022. Soto ma 26. Pujols yana dab da 32.

Tsawon shekarun kuma da gangan ne. Babu iyakar albashi a gasar, amma akwai harajin da ake ɗora wa kulob idan ya wuce wani mizani, kuma da matsakaicin kuɗin shekara ake lissafa shi. Ka miƙe kuɗin zuwa shekara 13 sai nauyin kowace shekara ya ragu. Sun san shekaru ukun ƙarshe sadaka ce, sun sa a lissafi. A ofis ɗinmu duk ranar 1 ga Yuli sai wani ya kawo kek don tsokanar wani abokin aikinmu ɗan Mets, saboda ranar ce suke biyan tsohon ɗan wasansu Bobby Bonilla dala miliyan 1.19, tun 2011 har 2035, a kan bashin miliyan 5.9 na shekarar 2000. Ohtani ma haka: cikin miliyan 700 da Dodgers suka rubuta masa, miliyan 2 yake karɓa a shekara, sauran 680 sai daga 2034 zuwa 2043. Kofi biyu sun riga sun shigo, 2024 da 2025, ga kamfanonin Jafan sun cika filin da talla.

Kawu Detroit

Akanta, lissafinka daidai ne, amma akwai abin da ba ya shiga kwamfutarka. Miguel Cabrera na kulob ɗinmu Detroit Tigers an ƙara masa shekara 8, miliyan 248, a 2014, bayan ya zama gwarzo sau biyu a jere. Mai kulob ɗin lokacin, Mike Ilitch na pizzar Little Caesars, tsoho ne da ke son ganin kofi kafin ya mutu. Ya mutu a 2017 bai gani ba. Daga 2017 gwiwa da baya suka ci ƙarfin Cabrera, shekarun ƙarshe ko homron goma ba ya kaiwa, kulob kuma na can ƙasa. A takarda asara ce, ban musa ba.

Ranar Asabar 23 ga Afrilu 2022 muna cikin azumi, jikana ya ja ni filin Comerica. Saura bugu ɗaya Cabrera ya cika 3,000. Fitowarsa ta farko ya tura ƙwallo ta dama, ta wuce. Filin ya ɗauka. Tutocin Venezuela ko'ina, wani ƙato a bayana yana kuka kamar yaro, ya miƙo min ruwa na ce ina azumi, ya rungume ni a haka. Shekara bakwai kulob ɗin bai ba mu abin zuwa kallo ba sai wannan mutumin. Da an bar shi ya tafi, a wani gari za a yi wannan rana.

Ɗalibar Boston

Ni akasin naku na gani. Red Sox ba su daidaita da Mookie Betts ba, suka tura shi Dodgers a Fabrairun 2020, can ya karɓi shekara 12, miliyan 365. Kofi uku ya ci tun tafiyarsa. Mu kuma muka zo na ƙarshe a rukuninmu a 2020, 2022 da 2023. Maigidan da nake haya a wurinsa har yau da rigar Betts yake fita kwasar ƙanƙara.

Direban Bronx

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Hajiya, a gaishe da Alhaji, a daina ambata masa 2037. Akanta, wani fasinja ya ce min Soto yana da damar ficewa bayan kakar 2029 in ya ga dama, sai dai in Mets sun ƙara masa kuɗi. Na faɗa wa yaron, ya ce ba ruwansa.

Jiya bayan la'asar muka je shago. Mai shagon ya ɗauko daidai jikinsa, na ce a'a, kawo ta manya. Yanzu haka tana kai masa gwiwa, uwarsa ta naɗe hannun sau biyu, da ita ya kwana.