Raƙumin Ibrahim Shaddad: fim ne ko hoton assara (wurin matse man riɗi) kawai?

Malam Isiyaku, Gadarif: Jama'a, an ce "Jamal" (wato Raƙumi) na Ibrahim Shaddad, mai shirya fim ɗan Sudan, aikin fasaha ne, amma ni ban yarda ba. "Jamal" na 1981 minti 14 ne na raƙumi yana zagaya turmin man riɗi. Ba magana, ba labari. Duk mai zuwa assara yana ganin wannan kyauta. Mutum kamar Shaddad ya karanta fim a makarantar fim ta Babelsberg a tsohuwar Jamus ta Gabas, a ce abin da ya kawo mana ke nan?

Hajiya Rabi, Umdurman: Malam, da me ka saurare shi? In lasifikar waya ce, rabinsa ka samu, don ba ta fitar da ƙaramin amo mai kauri. Kukan itacen turmin nan da ke maimaituwa shi ne maganar. A kashe fitila, a haɗa babbar lasifika, kada a tsallake ko daƙiƙa. A assara kana iya juya baya ka tafi. A nan an ɗaure ka tare da dabbar.

Ɗanladi, Kasala: Kuma ba ajiye kyamara aka yi aka tafi shan shayi ba. A fim mai faɗin milimita 16, nadi mai ƙafa 400 minti 11 kawai yake ba ka, hoto 24 a daƙiƙa. Ɗakin matsa mai duhu ne. Ka buɗe idon kyamara da yawa, hasken ƙofa ya ƙone fari fat. Ka tsuke shi, raƙumin ya nutse cikin baƙi. Ba ka sanin ɓarnar sai an wanke fim. Sauti kuma a tef daban ake naɗarsa, a daidaita shi da hoto a teburin yanka da haɗa fim.

Malam Isiyaku: Ɗanladi, wahala ba ta mai da abu fasaha. Wa ya biya kuɗi ya kalla?

Hajiya Rabi: Wa aka bari ya kalla, Malam? Shaddad da abokansa sun kafa ƙungiyarsu ta masu fim a Afrilun 1989, a ƙarshen Yuni soja suka karɓi mulki, gidajen silima suka yi ta mutuwa. Sai da cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Balin, a Jamus, ta gyara finafinan muka gan su da kyau.

Ɗanladi: Gara da aka kai su can. Zafi da laima suna ruɓar da irin wannan fim: ya fara warin khal, ya tsuke, ya kanannaɗe, majigi ya yaga shi. Sanyi da bushewa yake so.

Malam Isiyaku: Na ji zancen lasifika, zan sake. Amma labari dai har yanzu ina jiran wanda zai nuna mini shi.