Sukundireba sita na cinye min kan noti: in sayi ɗaya mai kyau ko in ƙara wani saitin?

Autan Gida:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema kafin in yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Fankar laftop ɗina ce ta fara ƙara kamar jirgi zai tashi, na samo sabuwa, saura in buɗe bayan in canza. Noti goma ne a murfin, duk ƙanana masu kan sita. Ina da saitin nan mai mariƙi ɗaya da bakuna 32 a ɗan akwatin roba. Takwas sun fita lafiya, biyun da ke kusa da inda allon ke naɗewa sun ƙi. Bakin da aka rubuta wa PH0 yana shiga amma yana rawa a ciki, PH1 kuwa, wanda ya ɗan fi shi girma, sai ya tsaya a sama ya ƙi zama. Sau uku na gwada, yanzu gicciyen ɗaya ya fara komawa rami, har garin ƙarfe nake gani yana ƙyalli. Na duba bakin sukundireban, shi ma ya murɗe. In sayi guda ɗaya tak mai kyau ne, ko in sayi saitin da ya fi wannan, ko in haƙura in kai wa mai gyara? A lura, batirin yana ciki, ba ya ciruwa sai an buɗe murfin.

Oga Makanike:
Wa alaikumus salam. Nemi sukundireban nan na duka, wanda ake ɗora wa noti a buga masa guduma ta baya. Bugu biyu, ko tsatsar shekara goma ce sai ta saki.

Sarkin Zolaya:
Oga, laftop fa yaron ya ce. Bugu biyu zai cire notin da allon da fankar gaba ɗaya, ya huta da gyara.

Abu Hanifa:
Ɗan ɗumama kan notin da wuta, zai saki.

Autan Gida:
Yaya, batiri na ciki, na faɗa a sama.

Tsohon Kafinta:
Ɗana, ka ji daga bakin wanda abin ya ci. Kada ka ƙara zuba kuɗinka a saiti. Duk abin da aka cika akwati da shi aka ce maka guda talatin ne, ƙarfen guda ɗaya aka raba musu.

Shekarata 26 ina aikin katako, ban taɓa jin kunya irin ta ranar da zan ba ka labari ba. An ba ni aikin kabad na bango guda, ƙofofi 12. Mai gidan da kansa ya kawo katakon, irin mai fuska mai sheƙi, ya kawo hinjis na waje da notukansu. Kowace ƙofa hinji uku, ka lissafa yawan notin da kanka. Bakin da na saba sa wa injina ya ɓace a ranar, sai na aiki yarona ya sayo. Ya dawo da kwali mai guda goma, ya ce mai sayarwa har rantsuwa ya yi masa cewa na asali ne. Daga notin farko na ji abin bai zauna ba. Injin na juyawa, bakin na tsalle, tar-tar-tar, kan noti na cinyewa. In canza wani, haka. Kafin rana ta take na kashe huɗu. A ƙofa ta tara na danna da dukkan ƙarfina, bakin ya karye, injin ya zame ya ja layi a fuskar ƙofar tun daga wajen mariƙi har ƙasa. Irin katakon nan ba ya gogewa, ba ya fentuwa. Mai gidan yana tsaye a bayana.

Bai yi zagi ba, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi in tattara kayana. Ya riƙe ragowar kuɗina, aikin sauran ɗakunan ya ba wa wani. Ni kuma na juya kan yaron nan na wanke shi tas a gaban leburori, na ce rowa ta sa ya sayo jabu don ya ci canji. Bai ce min uffan ba. Washegari bai zo ba, har yau bai dawo ba. A duk yaran da na koyar babu mai hannunsa. Shekara shida ke nan, in na tuna sai abin ya tsaya min a wuya. Wannan duk aikin baki ɗan jabu ne.

Maman Ikram:
Allah sarki Baba. Allah Ya mayar da alheri. Ka neme shi kuwa?

Tsohon Kafinta:
Na aika sau biyu, 'yata. Ya ce ya yafe, amma bai zo ba.

Injiniya Ƙarami:
Baba, Allah Ya huci zuciyarka, ina da tambaya. Notukan hinjis ɗin, ka tuna ko akwai wasu siraran layuka huɗu a tsakanin hannuwan gicciyen, kamar an zana ƙaramin tauraro a kan babba?

Tsohon Kafinta:
Akwai. Ado ne na kamfani.

Injiniya Ƙarami:
To a nan gizo ke saƙa, Baba. Ba ado ba ne, alama ce. Wanda muke kira sita ba iri ɗaya ba ne. Akwai Phillips, wanda ya fito a Amurka a shekarun 1930, masu haɗa motoci suka fara rungumarsa, shi ne ake rubuta wa PH. Akwai kuma Pozidriv, ya zo daga baya a shekarun 1960, shi ake rubuta wa PZ, kuma shi ne mai layukan nan huɗu. Hinjis da notukan katako na Turai galibi shi ne. Fikafikan Phillips a karkace suke, suna tsukewa zuwa tsini, shi ya sa da ka matsa juyi sai ya nemi turo kansa waje. Ramin Pozidriv kuwa gefensa kusan a miƙe yake. In ka sa PH2 a notin PZ2 zai shiga, har ka ɗauka ya yi daidai, amma gefe kaɗan yake kamawa. Da inji ya ɗauki gudu sai tsalle. Ko bakin da ya fi kowane tsada ne, in PH ne, haka zai yi maka a wannan notin.

Tsohon Kafinta:
Wato ni ne mai laifi ke nan? Lokacin da na fara ɗaura noti ko rarrafe ba ka fara ba. Tsohon bakina da ya ɓace me ya sa bai taɓa yi min haka ba?

Injiniya Ƙarami:
Mai yiwuwa shi PZ2 ne, Baba, ba ka dai duba rubutun jikinsa ba. Ban ce na kwalin masu kyau ba ne, tunda har ɗaya ya karye. Cewa na yi matsala biyu ce ta haɗu.

Oga Makanike:
Ku 'yan boko komai sai kun sa masa lamba. Dattijo ya ba da labarin abin da ya same shi, kai kana karanto masa tarihi. Noti nawa ka taɓa kwancewa da hannunka?

Injiniya Ƙarami:
Oga, kai da kake kwance kafireton baburan Japan, notukan kofin man nan na ƙasa, nawa ka kashe wa kai?

Oga Makanike:
Waɗannan ai notukan ne masu laushi kamar sabulu. Kowa ya sani.

Injiniya Ƙarami:
Ba laushi kaɗai ba ne. Su kuma nasu ma'aunin na Japan ne, JIS. Wasu za ka ga ɗan ɗigo ɗaya a gefen gicciyen. Phillips ba ya zama har ƙasa a cikinsu. Nemi sukundireban JIS ka gwada, kuma shi yana kama notin Phillips ma lafiya lau.

Oga Makanike:
Ɗigon kam ina ganinsa. Amma ni tun ina yaron shago maigidana ya koya min in ɗan goge tsinin da magagari kafin in sa. Yana zama daram. Ba mu san sunansa ba, amma muna yi.

Sarkin Zolaya:
Ashe Oga ya daɗe yana jin Japananci bai sani ba.

Mai Gyaran Waya:
Autan Gida, bari in ba ka amsa tunda manya sun tafi kafireto. Kullum abin da nake kwancewa ke nan. Da farko ka daina juya notin nan, duk juyin da ya zame yana rage maka abin kamawa. Notukan da ke kusa da maɗaurin allo sun fi sauran tauri, kuma da yawa akwai shuɗin gam a zarensu don kada su kwance da buɗewa da rufewa. Saitin araha matsalarsa biyu. Ƙarfen bai sha wuta yadda ya kamata ba, shi ya sa ka ga ya murɗe. Sannan tsinin yakan yi tsawo, sai ya taɓo ƙasan ramin tun fikafikan ba su kama gefe ba, wannan ce rawar da kake ji. Abin da Oga ke gyarawa da magagari ke nan. Sayi PH0 da PH1 daban-daban, masu mariƙinsu, ka tafi da ɗaya daga cikin takwas ɗin da suka fita. Ɗora shi a bakin sukundireban ka kwantar da shi a gicciye. Wanda ya yi daidai zai riƙe notin ba rawa, ko babu maganaɗisu. In ka zo kwancewa, ajiye laftop ɗin a kan tebur, sukundireba a tsaye cak, dannawa ta fi juyawa yawa. Wanda ya fara cinyewa, shimfiɗa masa siririyar roba mai faɗi a kai kafin ka danna. In ya zame sau ɗaya, tsaya ka kawo mana.

Abu Hanifa:
Guda biyun da kike cewa ai sun fi saitin gaba ɗaya tsada. Na duba kwanan nan, ɗaya kaɗai ya ninka saiti uku.

Mai Gyaran Waya:
Ina ka duba? Biyun da nake aiki da su ban biya rabin kuɗin saiti ba, ga su shekara ta uku.

Oga Makanike:
Ƙanwata, to jabu aka ba ki kika yi sa'a. Na ƙwarai ɗaya kuɗin saiti ɗaya ne, ba ƙari ba ragi.

Abu Hanifa:
Ni dai abin da na sani, a duba rubutun jiki. In an rubuta CR-V shi ne mai kyau.

Injiniya Ƙarami:
CR-V sunan haɗin ƙarfen ne kawai, mai kuromiyam da banadiyam. S2 ma sunan wani haɗin ƙarfen ne daban, shi aka fi yi wa bakunan inji. Rubutu kowa na iya bugawa. Saitin Autan Gida ma ina kyautata zaton da rubutun a jikinsa.

Autan Gida:
Wallahi akwai, har da manyan baƙaƙe.

Sarkin Zolaya:
Ni tambayata, wanda notin kansa ya kwance, PH nawa ake ɗaure masa? Akwai wani maƙwabcina.

Tsohon Kafinta:
Na je na tono ragowar notukan aikin nan a tsohuwar gwangwani. Layukan suna nan. Na sa bakin da nake aiki da shi yanzu, yana rawa. Ban ce na yarda ba. Amma mai sayarwar nan da ya yi wa yaro rantsuwa, me ya hana shi tambayar irin notin? Araha ba ta ado, na sani, amma shi ma ai da hakkinsa.

Maman Ikram:
Baba, ni fa ina ganin ba jabu ne kaɗai ke kashe sukundireba ba, masu aro ne. Maigidana ya sayi mai kyau guda, muna ɗaure hannun tukunya da soket da shi. Maƙwabci ya aiko yaro, wai minti biyar. Bayan sati uku ya dawo, baki ya lanƙwashe, da fenti a jiki. Murfin gwangwanin fenti aka ɓalle da shi. Da sita fa, ba ma filat ba!

Oga Makanike:
Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Naki ma ya dawo. Ni nawa wani ya mayar kurfi, ya dinga dukansa da guduma yana fasa siminti, mariƙin ya tsage biyu. Da na yi magana sai ya ce ashe ƙarfe ma yana ciwo. Yanzu biyu nake ajiyewa, na aiki a aljihu, na aro a kan benci.

Sarkin Zolaya:
To ga amfanin saitinka ya fito, Autan Gida. Kada ka yar, ajiye wa maƙwabta. Bakuna 32, kowa ya zo ka ba shi ɗaya.

Abu Hanifa:
Ba kowane mai aro ne mugu ba. Wani mantuwa ce. Ni kaina akwai filayar wani a wurina tun bara, kunyar mayarwa nake ji.

Oga Makanike:
Mai jan hannu? Wadda aka ɗaure wa baƙin salatif a gefe ɗaya?

Autan Gida:
Jama'a, laftop ɗin fa har yanzu a kife yake a kan tebur. Anti Mai Gyaran Waya, robar da kika ce, irin ta ɗaure kuɗi ko ta fi ta kauri?

Oga Makanike:
Abu Hanifa, ina jiran amsa. Mai jan hannu ce ko ba ita ba ce?