Sai bango ya tsage: wane ne ƙadangaren a yaƙin basasar Amurka?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum. Jiya a majalisa gardama ta kaure tsakanina da Yayana. Ya ce yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 shi ne ainihin "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Na ce to wane ne ƙadangaren? Ya tashi cikin fushi. Ku raba mu.

Malam na Zango: Yayanka na da gaskiya. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle don kada a taɓa musu bauta. Ana cikin haka sojojin Faransa suka afka wa Meziko, har aka naɗa wani Bature, Maximilian, sarkin Meziko a 1864. Da Amurka na zaune lafiya, sarkin Faransa Napoleon na Uku bai isa ba. Ingila ma ta leƙa tsagar, a can aka ƙera wa 'yan Kudu jirgin ruwan yaƙi Alabama da ya yi ta ƙona jiragen 'yan kasuwar jihohin Arewa.

Hajiyar Fagge: Malam, Allah ya gafarta, ban yarda ba. Bayi kusan miliyan huɗu ke bayan bangon nan a 1860. Ya ƙi tsagewa ya zauna, su kuma fa? Kakata, Allah ya jiƙanta, in an faɗi wannan maganar sai ta yi shiru. Mahaifiyarta baiwa ce a wani rinji a ƙasar Kano, tana sayar da fura tana biyan ubangidanta murgu, wato kuɗin barinta ta yi sana'ar kanta, tana tara kuɗin fansa a tukunya. Sau biyu ana ƙara mata kuɗin fansar. Da Nasara suka ci Kano a 1903, gari ya rikice, ta goya kakata ta bi dare, ko tukunyar ba ta ɗauka ba. Kakata kan ce: ku kuna ganin abin da ya shiga, mu ta tsagar nan muka fita.

Ɗan Kurmi: Allahu akbar. Hajiya, ina suka nufa?

Baban Zainab: Haka bayin Kudu suka riƙa gudu zuwa sansanin sojojin Arewa tun kafin shelar 'yanta bayi ta shugaban Amurka Lincoln ta 1 ga Janairu 1863. Baƙaƙe kusan 180,000 suka sa kaki, har da wani ɗan Kukawa ta Borno, Nicholas Said, a runduna ta 55 ta Massachusetts.

Na Gwaggo: Namu ƙadangarun ba sa jiran tsaga, da diga suke zuwa. Kakar zaɓe na ƙaratowa za ku ga masu babbar riga suna gyaɗa kai a kan kowane bango.

Malam na Zango: Kai yaro, bari. Amma Hajiya, karin maganar gargaɗi ne ga 'yan gida ɗaya, bawa kuwa ba a lissafa shi ɗan gida ba.

Hajiyar Fagge: To ai abin da nake faɗa ke nan. Ɗan Kurmi, wajen Zinder suka yi, can wata mai koko ta sauke su a zaurenta.