Na sa babban birki, rim ya ƙi zama: sifesa ko sabon rim?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sani a taimaka. Motata Honda Accord ce, an canja mini birkin gaba, an sa faifai mai faɗin milimita 330 da kalifa mai fistin huɗu, wato ƙarfen da ke matse faifan birki. Da aka zo mayar da taya sai rim ya ƙi zama, kalifar tana tokare shi ta ciki. Rim ɗin na asali ne, inci 17, a bayansa an rubuta ET55, wato tazarar milimita 55 daga tsakiyar faɗin rim zuwa fuskar da ake ɗaure shi; in lambar ta ragu, taya tana ƙara fitowa waje. Wanda ya yi aikin ya ce a sa sifesa, wani faifan ƙarfe, tsakanin hob (inda ake ɗaure taya) da rim don ta turo tayar waje. Wani kuma ya ce kada in kuskura, wata rana taya za ta fice ta bar ni a titi. Wane kauri zan sa, kuma babu hatsari?

Wani bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, bar maganar kauri tukuna. A ina take taɓawa? Wuri biyu ne. In fuskar kalifar ce take dukan yatsun rim, sifesa za ta yi magani. In kuwa ƙeyarta ce take gogar cikin gangar rim, ko ka turo shi waje da wuya ya wuce, sai dai ka koma inci 18.

Ga yadda za ka gane. Zura washa a kowane bolti, adadi ɗaya ko'ina, ka ɗora rim, ka ɗaure noti da hannu, ka juya tayar a hankali kana saurare. Ƙara washa har ƙarar ta ɗauke. Ka manna ɗan curin laka a fuskar kalifar ka sake juyawa; kaurin da ya rage bayan rim ya shafe ta, shi ne tazararka. Ana son ta kai milimita 3, domin rim yana ɗan lanƙwasa a kwana, ƙarfe kuma yana buɗewa in ya yi zafi. Ka duba dalmar balansin da aka manna ta ciki, sau da yawa ita ce ke fara karce kalifa. Washar nan ta awo ce kawai fa, ba a tuƙi da ita.

Mai tambaya:
Na gwada, oga. Yatsun ne. Da washa ta milimita 5 ya daina taɓawa da ƙyar. Ta sama kuwa akwai fili, yatsana yana shiga.

Bakaniken:
To, milimita 8 kake buƙata ke nan, 5 ɗin nan da tazarar 3, kuma nan gizo ke saƙar. Boltin motarka M12×1.5 ne, wato kowane zagaye noti yana shiga milimita ɗaya da rabi. Ƙa'idar ita ce noti ya kama aƙalla kwatankwacin kaurin boltin, milimita 12, zagaye takwas ke nan. Sifesa mai 8 za ta cinye maka sama da zagaye biyar. Abin da ya rage ba zai riƙe taya ba. Labarin da ka ji na ficewar taya, yawancinsa daga nan yake: an sa sifesa an bar gajeren bolti. Dole a buga dogaye, kuma a wasu motocin sai an cire hob kafin su shiga, ka sa wannan a lissafinka.

Na biyu, dubi tsakiyar hob, akwai wani ɗan leɓe da ya fito, faɗinsa milimita 64.1 a motarka. A kansa rim yake daidaita a tsakiya. Shimfiɗaɗɗiyar sifesa mai 8 za ta haɗiye kusan duk leɓen, rim ya rasa wurin zama, sitiyari ya dinga kakkarwa in ka taka. Nemi wadda aka yanka mata nata leɓen, rami 64.1, bolti 5×114.3, wato bolti biyar a da'ira mai faɗin milimita 114.3. Irin waɗannan galibi daga 10 ko 12 suke farawa. Ita zan sa in ni ne. Waɗannan masu ramuka barkatai da ake cewa suna shiga kowace mota, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Wani ɗan zaure:
Ni dai da sifesa ba ma ga maciji. Tana kashe boris, abin da taya ke juyawa a kansa. Wanda ya iya sayen birki mai fistin huɗu ai zai iya sayen rim. Nemi mai ET45 da yatsunsa suka gantsaro waje, ka huta.

Wani kuma:
Ɗan'uwa, shawararka ta sabon rim tana kan hanya, amma hujjar boris ɗin ba ta zauna ba. ET55 da sifesa mai 10 daidai yake da ET45. Tayar a wuri ɗaya za ta tsaya, nauyin da ke kan boris ɗaya ne, shi bai san ko sifesa ce ko rim ba. Ribar sabon rim ita ce an rage abu ɗaya da zai iya kwancewa, ba a kuma taɓa bolti ba. Sai dai shi ma a gwada kafin a biya, don rim biyu masu ET ɗaya, wani ya wuce kalifa wani ya ƙi, saboda siffar yatsu. Kuma notin Honda na asali gindinsa kewayayye ne, yawancin rim na kasuwa kuwa mai tsini suke so. In ka canja rim ka canja noti.

Wani matashi:
Me zai hana ya sa mai 25, wadda ake ɗaure ta a hob kuma tana da nata boltin? Ba ruwansa da canja komai, ga mota ta buɗe ta yi kyau.

Bakaniken:
Ƙanena, kyau daban, aiki daban. Mai 25 za ta mayar da shi ET30. Taya za ta iya gogar bakin bodi in an ɗauki kaya ko an karya sitiyari, kuma duk ramin da ya faɗa zai ji shi a hannu fiye da da. Sannan notin da ya riƙe sifesar yana ɓoye a bayan rim, ba ka duba shi sai ka cire taya. Mutumin da ke neman milimita 8, me ya kai shi 25?

Wata 'yar zaure:
Ba wanda ya ambaci safaya. Malam, gwada ta a gaba tun motar tana kan jak, da wuya ta wuce wannan kalifar. In ta ƙi, ranar da tayar gaba ta yi faci sai ka ciro ta baya ka kawo gaba, safayar ta koma baya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Zan sa mai 10 mai leɓe da dogon bolti. Oga, wajen ɗauri fa? Kuma dole ne a sa a baya?

Bakaniken:
A goge tsatsar fuskar hob da burushin waya har ta yi fes, don ko ɓarɓashi ya maƙale sifesar ba za ta kwanta daidai ba. Kada a shafa giris a jikin bolti. A ɗaure noti a tsallake, ba bi da bi ba, da sufana mai awon ƙarfin ɗauri a kan Nm 108, ban da bindigar iska. Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin su. Hagu da dama kauri ɗaya, kuma ba a ɗora sifesa kan sifesa. Baya ba dole ba ne tunda birkin can bai canja ba. In kana son tayoyin su yi layi ɗaya ka sa, amma can ma sai da dogon bolti.