Wata 2 kacal ya wuce 'yan ƙasa da 18: a sake masa takarda ko a bari?

Kawun Dogo: Salamu alaikum. Ɗan yayata ne, muna Garin Malam, tsawonsa mita 2 da santi 3, haihuwar Nuwamba 2007. Kocinsu ya ce gasar ƙwallon kwando ta 'yan ƙasa da 18 ta 2026 ta wuce shi. Wani mutum kuma ya zo ya ce a je wajen alƙali a fitar da sabuwar takardar haihuwa ta 2009, shi zai kai shi wata makarantar ƙwallo a Sifen. Yaron yana da takardar meri ta asali, da ita ya yi jarrabawar BEPC, bai taɓa yin fasfo ba. Mu sake ko mu bari? Uwarsa ta bar mini wuƙa da nama.

Ɗan Zango: Ku kai shi Saly ta Senegal, makarantar NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, tana can. Nan Khaman Maluach ya fito.

Alƙalin Wasa: Ɗan Zango, ba abin da aka tambaya ba ke nan. Alhaji, kocin ya faɗa maka gaskiya. FIBA, hukumar kwando ta duniya, ba ta duba ko yaro ya cika 18 ranar wasa, shekarar haihuwa take dubawa. Gasar 2026 ta wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 2008 ce zuwa sama. Wanda ya zo duniya 31 ga Disamba 2007 da dare ma ya fita. Tsarin kuwa haka yake: a shekara mai mara ana gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 16, daga nan a samu masu zuwa kofin duniya na 17 a shekara ta gaba. A shekara mai cika ana ta 18, ita ke kai wa kofin duniya na 19. Amma a tawagar manya babu iyaka ta sama. LeBron James yana da 39 ya buga Olamfik a Paris a 2024, Maluach ɗin da aka ambata kuma yana da 16 ya buga wa Sudan ta Kudu kofin duniya na manya a 2023. Ƙofa guda ce ta rufe wa yaronka, ba gidan duka ba.

Mai Shayin Tasha: A Damagaram rabin 'yan wasa haihuwar 1 ga Janairu ne. Ranar nan ungozomomi sun sha aiki.

Tsohon Koci: Ku yi dariya. Akwai yaro daga ɓangaren Mirya, hannun hagu, irin wanda ba a samu kullum. Aka rage masa shekara 2 ta hanyar takardar alƙali, iyayen suka sayar da gona suka ba dillali. Ba wanda ya tuna cewa lasisinsa na farko a kulob yana ɗauke da shekarar gaskiya, takardun lakwal ma haka. Ofishin jakadanci ya nemi takardun karatu don biza, sai ga ranar haihuwa biyu a fayil guda. Aka ƙi. Dillalin ya ce a sake wata takardar, ta zama uku. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Yaron bai tafi ba, bai koma lakwal ba saboda sunansa da shekarunsa sun rikice wajen jarrabawa, gonar kuma ta tafi. Yau kabu-kabu yake yi. Waɗanda suka ba da shawarar suna nan suna gaishe shi a hanya ko kunya babu.

Malama Birni: Innalillahi. Kuma uwar ce za ta kwana da abin.

Ɗan Zango: Dillalinsu ne bai iya aiki ba. Da an gyara takardun lakwal tun farko da ya wuce.

Tsohon Koci: Wa zai gyara maka rajistar BEPC? Takardar alƙali an yi ta ne don wanda ba a rubuta haihuwarsa a meri cikin lokaci ba, da shaidu. Wanda yake da ta asali ya je ya karɓi wata, jabu ya yi, shaidun ma sun shiga ciki.

Alƙalin Wasa: Ga abin da dillalin bai gaya muku ba. Dokar FIBA ta hana ɗan ƙasa da 18 canza kulob daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a wasu halaye na musamman da FIBA da kanta take bincika, a ga karatu, masauki da amincewar iyaye. Yaronku da shekarunsa na gaskiya ya cika 18, takardar sallama kawai kulob ɗin can zai nema ta hannun hukumar ƙasa. In kun mai da shi 2009, da hannunku kun jefa shi cikin haramcin. NBA ma haka: sai mutum ya cika 19 a shekarar zaɓen sababbin 'yan wasa. Ɗan 2007 ya isa a 2026, ɗan 2009 sai 2028.

Kawun Dogo: To fasfon nawa zai ci mu?

Malama Birni: A da dai jika 35 da 'yan kai ne kuɗin, sai takardar zama ɗan ƙasa da hotuna.

Ɗan Zango: Wane 35? Ka tanadi 100, Alhaji.

Malama Birni: Wannan kuɗin masu shiga tsakani ne ka haɗa.

Tsohon Koci: Ku biyun kun manta hanya. Yamai kusan kilomita 900 ce, mota zuwa da dawowa, ci da kwana. Ƙasa da 80 ban ga yadda za a yi ba.

Ɗan Ƙwallon Ƙafa: Duk wahalar banza ce, na'urar MRI za ta kama shi a wuyan hannu.

Alƙalin Wasa: Wancan na FIFA ne, tun 2009 a gasar 'yan ƙasa da 17, ana duba haɗewar ƙashi. Mu kan kwando muke magana, inda fasfo da tsofaffin lasisi ke fara tona mutum.

Ɗan Zango: Malam, kai usur kake busawa, ba ka taɓa fitar da yaro waje ba. A bar masu harka su yi magana.

Tsohon Koci: Masu harkar su suka cinye gonar mutanen Mirya. Shi aƙalla ya zauna teburin tantance takardu.

Malama Birni: Kawun yaro, ba ku da dangi a Kano ko Daura? Najeriya ta fi mu dama.

Alƙalin Wasa: Hajiya, lokaci ya wuce. Wanda ya samu fasfon ƙasa bayan ya cika 16, FIBA tana lissafa shi a gurbin wanda aka bai wa ƙasa, kuma gurbi guda ne tak a kowace tawaga. Najeriya ba za ta ɓata shi kan yaron da ba ta sani ba.

Mai Shayin Tasha: A bar shi ya riƙa sauya wa mutane ƙwan fitila, ba sai da tsani ba.

Tsohon Koci: Ni tambayata, ko da shekarun sun dace, wa ya zo Damagaram ya gan shi? Mali ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na 19 a 2019 a Girka, Amurka ce ta doke ta. Ba a rana guda suka tara yaran nan ba. Mu kuwa zaɓe a Yamai ake yinsa, a ƙare, sannan mu ji labari.

Alƙalin Wasa: Filin ma fa. Kwando mita 3 da santi 5 ne daga ƙasa, fili mita 28 da 15. Ku ɗauki awo ku zaga filayenmu. Yaro ya saba jifa a kwandon da ya sunkuya, ya je Yamai duk jifansa gajere.

Malama Birni: Ga siminti da ya tsattsage, gwiwa ba ta shekara 3 a kansa. 'Yan mata kuma ko lokacin atisaye ba a ware musu.

Kawun Dogo: Mutumin ya sake kira, wai ranar Alhamis yake son amsa da rabin kuɗi.

Ɗan Zango: Wane fili ne kwandonsa ya sunkuya? Na lakwal ɗinmu lafiya lau yake.