Muhawara: Jerry Rice ƙwarewa ce ko sa'a?

Baban Hanif: Ni fa na gaji. Kullum aka tada zancen masu cafke ƙwallo a NFL, gasar ƙwallon Amurka, sai a ce Jerry Rice, kamar babu wani. Randy Moss ya ci tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa) 23 a kakar 2007 da ƙungiyar Patriots, ya karya tarihin Rice na 22. Rice sa'a ya yi, ya faɗa hannun gwanayen masu jefa ƙwallo, Joe Montana, daga baya Steve Young. Na san ba wanda zai kula ni, amma na faɗa.

Ɗan Bronx: Sa'a? Malam, 22 ɗin nan a wasa 12 ya ci su a 1987, saboda yajin aikin 'yan wasa. Moss wasa 16 ya buga. Kuma wa ke jefa masa? Tom Brady. Wannan ba sa'a ba ce?

Baban Hanif: Ban ce bai iya ba.

Ɗan Bronx: Ka ce sa'a. Ga shi nan a rubuce.

Anti Zee: Yaron da ya tashi a ƙauyen Crawford a Mississippi, mahaifinsa birkila, yana cafe bulo a wajen gini a cikin zafin rana, ya yi ƙaramar jami'a irin Mississippi Valley State, shi ne mai sa'a? Ƙanina, ka ji tsoron Allah.

Sadiq 49ers: Anti, ki bar shi. Ai rabo ne, ba sa'a ba.

Malam Ɗanjuma: Rabo da sa'a ba ɗaya ba ne, Sadiq. Rabo na Allah ne. Sa'a kuwa ko ɗan caca yana cewa ya yi ta.

Sadiq 49ers: To Malam, ƙungiyar 49ers da suka yi musayar gurbi suka hau sama don su ɗauke shi na 16 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 1985, wanne ne a ciki?

Malam Ɗanjuma: Wannan lissafi ne.

Kwamanda: Ku gafarce ni, wannan wasan da ake rungumar ƙwallo ana gudu da hular ƙarfe shi kuke kwana a kai? Ku zo mu yi maganar Messi.

Sadiq 49ers: Messi da sa'ar Xavi da Iniesta?

Kwamanda: Ka maimaita. Ɗan Madrid ne kai, dama na sani.

Anti Zee: Kwamanda, da wa ka shigo nan?

Baban Hanif: Ku dawo kan batu. Rice da bakinsa ya amsa cewa yana shafa wa safar hannunsa abin danƙo, abin da doka ta hana. Ina masu zancen bulo?

Ɗan Bronx: Danƙo ne ya ba shi yadi 22,895 da cafka 1,549 a kaka 20? Ka shafa naka ka gwada.

Baban Hanif: Kai dai don kana Amurka kake ganin ka fi mu sani.

Ɗan Bronx: Yaya, ina tuƙa tasi ne, ba hukumar NFL nake aiki ba.

Kwamanda: Har yanzu Sadiq bai ba ni amsa kan Iniesta ba.

Shugaban zaure (Sadiq 49ers): Za mu rufe haka, dare ya yi. Abin da aka cim ma: Rice yana da kofin Super Bowl (wasan ƙarshe na NFL) uku, kuma shi ne gwarzon ɗan wasa a Super Bowl karo na 23. Moss ya je wasan ƙarshe sau biyu, da Patriots da kuma 49ers ɗinmu, bai ɗauki ko ɗaya ba. Zancen danƙo ba a kawo hujja mai ƙarfi ba, don haka mun ajiye shi. Baban Hanif ya janye kalmar sa'a. Kwamanda, gargaɗi na ƙarshe kan Messi.

Baban Hanif: Yaushe na janye?